Yadda Lallaɓa Ya Hau Tudu da Kiret Arba'in

An wayi gari ranar da yayyafi, irin siririn nan da ba ya hana mutum fita amma ba ya barin riga ta bushe. Sama ta yi toka-toka, kwalta ta yi santsi, ruwa yana gangarowa daga kan tudu yana shigewa lambatun da ya ratsa titi a gaban shagonmu. Ina zaune a bakin ƙofa ina haska ƙwai. Aikina ke nan: in ɗaga ƙwai a gaban fitila, mai kyau in sa a kiret, mai tsaga in ware gefe. Na ɗaga kai don in hutar da idona, sai na hango ƙanena a tsakiyar tudu, tsaye cak, ƙafafu biyu a ƙasa. Babur ya mutu a ƙarƙashinsa, ga kiret talatin na ƙwai a ɗaure a baya.

Ba shi da halin sauka, don da ya ɗaga ƙafa ɗaya kaya zai rinjaye shi. Ba shi da halin tayar da inji, don ƙafar da zai buga da ita ita ce ke tokare da ƙasa. Hannunsa na dama kuma yana damƙe da birki. Bai kira kowa ba. Haka yake tun yana ƙarami.

Na ajiye ƙwan da ke hannuna, na ɗauki guntun katakon da muke tokare ƙofa da shi, na kama hanya. A shekaruna hawan tudun nan ba ƙaramin aiki ba ne, sau biyu ina tsayawa in mai da numfashi. Da na isa na cusa katakon a bayan taya, sannan ya saki birki ya yarfe yatsunsa da suka sandare.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji shi. "Ka ga inda muka yada zango yau."

"Na gani. Masaukin naku ba rufi."

Muka kwance kiret goma muka jera a barandar wani tela, na zauna gadinsu, shi kuma ya tayar da babur ya ƙarasa da ashirin. Ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Amma ya makara, makarar nan kuwa ita ta jawo duk abin da zan faɗa.

Lallaɓa ake kiransa. Mahaifiyarmu ce ta laƙaba masa. Tana kiwon kaji a bayan ɗaki, in ta aike ni kasuwa da ƙwai goma sai in kai takwas, in ta aike shi, shi da bai fi shekara bakwai ba, sai ya kai goma cif, sai dai kafin ya isa kasuwa ta kusa watsewa. Na girme shi da shekara goma. Da mahaifinmu ya rasu ni na riƙe shi, yanzu da ƙarfina ya ja baya shi ya riƙe ni. Ya ajiye mini kujera da fitila a shagonsa, ya ce idona ya fi nasa gani. Na san ba haka ba ne, amma ban musa ba.

Da kwando a ka ya fara sana'a, ya koma keke, ya yi shekara goma sha biyu yana taka shi da kiret takwas a baya. Ranar da zai sayi babur na raka shi. Ya tafi da ƙwai ɗaya a aljihu da ɗan farantin kofin shayi. Duk baburin da aka nuna masa sai ya ce a tayar a bar shi yana silo, wato inji yana aiki ba a murza totur ba, ya ɗora farantin a kan kariya, wurin ɗaure kaya a baya, ya ajiye ƙwan a ciki. In ƙwan ya fara yawo a faranti sai ya ce a kashe, a nuna masa wani. Masu sayarwa suka taru suna ƙyaƙyata dariya, bai kula su ba. A na biyar ƙwan ya zauna wuri ɗaya yana ɗan rawar sanyi kawai, ya ce to, wannan ne. Shi ne baburin da ya mutu a tudu bayan shekara tara yana yi mana hidima.

Motar gona takan sauke mana ƙwai da sassafe, mu haska, ya ɗaure, ya rarraba wa masu shayi da masu shaguna. Babban mai sayensa gidan burodin da ke can ƙolin tudu ne. Rabin cinikinmu na can ne, rabin abin da ake dafawa a gidansa da nawa daga can yake fitowa.

Tudun nan yana da wata mugunta da sai mai ƙwai ya san ta. Sauran masu babur sukan ɗebo gudu tun daga nesa, su haye lambatun da ke gindinsa da tsalle ɗaya, gudun ya kai su rabin tudu kafin inji ya san ana hawa. Lallaɓa ba shi da wannan gatan. Murfin lambatun ƙarfe ne da ya lotsa, dole ya haye shi kamar mai tafiya cikin ƙaya, taya ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka shi kullum daga tsaye yake fara hawa, da kaya a baya, ba wani gudu da zai tallafe shi.

Mai gidan burodin mace ce, Uwar Tanda muke ce mata, ba ta da ƙumbiya-ƙumbiya. A shekarar ta ƙara tanda ta biyu, ta fara yin kek tana kai wa shaguna, buƙatarta ta tashi daga kiret ashirin zuwa arba'in, kuma kafin ƙarfe takwas. Tsakanin zuwan motar gona da ƙarfe takwas, in an cire lokacin haskawa da ɗauri, sawu ɗaya kawai ke shiga. Lallaɓa yana yi mata sawu biyu, na biyun kullum a makare. Ranar yayyafin nan gwadawa ya yi ya ga ko baburin zai iya talatin, baburin kuwa ya ba shi amsa a tsakiyar tudu. Abin da ta faɗa masa da ya kai sauran goman ya maimaita mini ba ragi.

"Malam Lallaɓa, shekara nawa muna tare?"

"Bakwai, uwar ɗakina."

"A shekara bakwai ban taɓa fasa ruɓaɓɓen ƙwai daga hannunka ba, shi ya sa zan gaya maka a gaban idonka. Akwai wani mai ƙaramar mota da ke ta yi mini sintiri, ya ce zai kawo arba'in a tashi ɗaya. Ban amsa masa ba. Na ba ka zuwa ƙarshen wata."

"Ai sannu ba ta hana zuwa."

"Ba ta hanawa. Amma kwaɓi ba ya jin karin magana."

Sauran kwana goma sha tara wata ya ƙare. Lallaɓa yana da bakanike, abokinsa tun na ƙuruciya, Baƙin Mai ake ce masa don ba a taɓa ganin tafin hannunsa fari ba. Bai je wurinsa ba. Daga baya ya gaya mini dalili, wai ya san abin da zai ce: a buɗe, a duba, a jira. Mutumin da ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana jira, a wannan karon ya ji jira ya fita daga ransa.

Sai ya nufi layin masu sayar da kayan gyara. Ya ce wa wani mai shago ƙarfi yake so a ƙara wa baburinsa. Bai ce masa ƙwai yake ɗauka ba, bai ambaci tudu ba, mai shagon kuma bai tambaya ba. Ya ciro masa wani ƙarfe a cikin kwali mai hoton babur yana tashi sama, ya ce sunansa kamshaf, kuma wannan na tsere ne, wanda ya sa shi ya daina ganin bayan kowa a titi. Da kuɗinsa da na ɗaurawa ya kama kuɗin kiret goma sha huɗu. Mu da kiret muke auna komai, don in na rubuta lamba, kafin a karanta ta tsufa. Wanda bai san sana'ar ba zai ga kamar abin bai taka kara ya karya ba, amma ribar kiret guda ba ta wuce ƙwai uku. Daga abin da suke tarawa shi da matarsa don sake rufin ɗakin baya ya ɗiba. Uwar 'Yan Biyu, haka muke kiranta, ta yarda, sai dai ta ce, "Ka dai tuna bokiti uku nake jerawa in hadari ya taso."

A ranar aka ɗaura masa. Tun daga nesa na ji ƙarar babur ban gane namu ba ne. Wanda na sani da murya kamar keken ɗinki ya dawo yana gurnani, in an tsaya yana tari yana kakkarwa kamar mai zazzaɓi, in an saki totur sai ya mutu. Masu haya da babur da ke tsayawa a kwanarmu suka taso suka kewaye shi. Ɗaya ya karɓa ya bi miƙaƙƙen titi da shi, ya dawo idonsa yana hawaye don iska, ya ce, "Baba Lallaɓa, yau kam sai an sake maka suna."

Na bari suka watse, na ce masa, "Ka gwada shi da farantinka?"

Ya kau da kai. "Sabo ne, Yaya. Zai zauna."

Washegari ya ɗaure arba'in. Ya haye lambatu lafiya. Da ya saki kuloci don ya fara hawa, inji ya yi kamar zai shaƙe. Ya ƙara wuta, shiru, ya sake ƙarawa, sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar an tunkuɗa shi daga baya. Na ga kayan sun yi baya sun dawo gaba. Ya rage, ya shaƙe, ya ƙara, ya zabura. Haka ya hau tudun yana tsalle-tsalle kamar ɗan akuya, ƙaurin kuloci yana saukowa har inda nake zaune. Ya kai kafin takwas, wannan gaskiya ne. Amma tun daga barandar tela gwaiduwa take ɗiga daga kariya. Da rana ta ɗaga ana ganin layinta a kwalta, ƙudaje suna bi.

Ƙwai ɗari da bakwai suka fashe. In ka haɗa duk abin da ya fasa tun zamanin kwando, ban ce ya kai haka ba. Uwar Tanda ta dubi kayan ta dube shi ta ce, "Yau kam ka zo da wuri, har ka taya mu fashi." Ƙarshen wata yana nan inda yake.

Lallaɓa ya dawo shago. Ya ɗebo ruwa ya wanke kariya da kansa, ya wanke igiyoyi ya shanya. Bayan azahar na ga ya shiga ciki ya fito da ɗan farantin nan, ashe duk shekarun nan yana ajiye da shi a bayan sikeli. Ya tayar da babur, ya ɗora faranti, ya sa ƙwai. Ƙwan ya zaga faranti sau biyu ya haye baki, Lallaɓa ya cafe shi a iska kafin ya kai ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa a tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Yaya, ka rufe shago ka raka ni."

Garejin Baƙin Mai rumfar kwano ce a bayan gidan mai. Ƙasar wurin ta yi baƙi ta daskare, bencin baƙi tsohuwar kujerar mota ce, sufanu kuma a cikin mataccen firiji yake ajiye su don ya samu abin kullewa. Muka tarar da shi a tsugune yana wanke wani inji da fetur a cikin kwano. Bai ɗago ba.

"Kashe shi," ya ce. "Tun daga kwana na ji. Wa ya mai da mai ƙwai ɗan tsere?"

"Ni na mai da kaina."

"Madalla. Saura ka sayi hular kwano mai zanen wuta, 'yan biyu su riƙa yi maka tafi. Yaya, ina wuni. Kai ma ka bar shi yana fita ba rakiya?"

Na ce ai ga shi yau na rako shi.

Baƙin Mai ya goge hannu a tsumman da ya fi hannun baƙi, ya kwance murfin kan inji, ya zaro ƙarfen ya ajiye a kan takarda. Ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma yadda ya yi mana bayani na riƙe. Sanda ce gajera, ba ta fi tsawon tafin hannu ba, tana da ƙulli biyu a jikinta. Inji yana da ƙofofi biyu da ake kira bawul, ɗaya ta shigar mai da iska, ɗaya ta fitar hayaƙi. In sandar tana juyawa, kowane ƙulli yana danna ƙofarsa ta buɗe, in ya wuce ta rufe. Siffar ƙullin ita ke faɗin yadda ƙofa za ta wangale da daɗewar da za ta yi a buɗe.

"Wannan naka mai faɗin kai ne," in ji Baƙin Mai. "Yana daɗewa bai rufe ƙofa ba. In inji yana gudu kamar zai tashi, hakan yake so, iska na shiga ba tsayawa. Amma in kana tafiyar nan taka ta rakiyar amarya, abin da ya shiga ta nan sai ya sulale ta can. Kamar ka buɗe ƙofa da taga kana so ɗaki ya yi ɗumi. Ba ƙarya aka yi maka ba, ƙarfi yana nan, sai dai a can sama aka ajiye shi, inda kai ba ka zuwa. Ina tsohon?"

"Yana gida."

"Yana me a gida?"

Lallaɓa ya sosa ƙeya. "Uwar 'Yan Biyu na tokare ƙofar kicin da shi."

Aka buga mata waya. Ba a jima ba ta zo da shi da kanta a cikin leda, ta gaishe ni, ta miƙa wa Baƙin Mai ta ce, "Aro na ba ku. Iska na buga mini ƙofa."

Baƙin Mai ya tashi neman ma'auninsa a cikin firiji. Kafin ya samo, Lallaɓa ya ɗauki tsohon ƙarfen yana jujjuyawa. Na ga ya sa babban yatsa yana shafa ƙullin a hankali, daga gindi zuwa tsini, yadda yake shafa ƙwai in yana shakkarsa. Ƙullin kuwa, in ka dube shi ta gefe, siffar ƙwai gare shi sak, gindi mai faɗi da kai mai ɗan tsini. Ya shafa na farko, ya shafa na biyu, ya koma na farko.

"Wannan kansa ya baje," ya ce. "Ba ɗaya suke da ɗan'uwansa ba. Da ƙwai ne, da na ware shi."

Baƙin Mai ya karɓa ya duba da ido bai ga komai ba. Ya sa ma'auni mai baki kamar na kada, ya matse, ya karanta, ya sake matsewa a ɗayan. Sannan ya ce ƙullin da ke buɗe ƙofar shigar mai ya cinye kamar kaurin farce biyu. Ashe baburin ya daɗe yana numfashi da rabin hanci. Ƙarfin da aka haife shi da shi ma ya zube a hankali, shekara bayan shekara, ba wanda ya lura, don mai shi ba ya neman gudu balle ya ga ya ragu.

"Yaushe rabonka da juye?" ya tambaya, yana nufin canza baƙin mai.

"In na duba na ga ya yi baƙi sosai."

"Ka ji ko, Yaya? Ƙwai ana lallaɓa shi, inji an bar shi da Allah. Can sama mai ba ya isa sosai in ana tafiya a hankali, ga shi kuma wanda ke isa ɗin ya zama kunu. Ƙarfe ya ci ɗan'uwansa."

Uwar 'Yan Biyu ta ce, "Faɗa masa dai. Ni in na faɗa sai ya ce na cika lissafi."

Baƙin Mai ya ce sabo irin na asali zai dawo da baburin yadda yake a da, zai hau da talatin, amma arba'in daga tsaye sai an ɗan ƙara. Ya je maƙwabta ya aro ƙarfe biyu don mu gani, ya jera su uku a kan takarda da na tseren. Ya ce wa Lallaɓa, "Tunda yatsanka ya fi ma'aunina, nuna mini wanda zai wangale ƙofa sosai ya kuma rufe da wuri."

Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya tura na tsakiya gaba. "Wannan. Ya fi na asali tsayi kaɗan, amma kansa siriri ne."

"Shi ne. Na babur mai ƙafa uku ne, irin na ɗaukar kaya, injinsu ɗaya da naka. Amma wannan tsoho ne, sai na aika a kawo sabo. Kuma ka ji da kyau, kada gobe ka ce ban faɗa ba. Ba zai mai da jaki doki ba. In ka samu ƙarin kashi ɗaya cikin goma, ka gode Allah. Abin da zai yi shi ne ya ajiye maka ƙarfin a ƙasa, inda kake zaune. Zan sa maka farantin haƙora na tayar baya wanda ya fi naka da haƙori uku. Gudunka a miƙaƙƙen titi zai ragu."

"Yana da gudu ne da ma?" in ji Uwar 'Yan Biyu.

Kwana shida aka yi kafin kayan su iso. A tsakanin Baƙin Mai ya mai da masa tsohon ƙarfen, Lallaɓa ya koma sawu biyu da makara, mai ƙaramar motar nan kuma sau biyu ina ganinsa ya hau tudu ba kaya, gaisuwa kawai yake kai wa Uwar Tanda. Lallaɓa ma ya gan shi.

Kuɗin wannan karon ga yadda ya kama. Kamshaf da 'yan hannayen da ke danna bawul, don su ma sun cinye, kiret tara. Farantin haƙora da sabuwar sarƙa, huɗu. Baƙin mai na juye biyu, ɗaya. Ladan aiki Baƙin Mai ya ce kiret biyu, kuma ƙwai yake so ba kuɗi ba, wai iyalinsa su ma su san yana da aboki. In ka haɗa da na tseren da abin da ya fashe, da na banza da na kirki sun tashi kusan kiret talatin da huɗu. Abin rufin ɗaki ya tafi ƙaf.

Ranar ɗaurawa na zauna a kujerar motar nan tun safe. Baƙin Mai bai yi sauri ba. Da ya ɗaura sai ya juya injin da hannu zagaye huɗu yana kasa kunne, don ya tabbata bawul ba ya taɓa fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji. Ya sa wani siririn ƙarfe kamar reza ya auna ratar da ke tsakanin hannu da bawul, ya ɗaure, ya sake aunawa. Ya buɗe kafireto ya ƙara wa mai hanya kaɗan. Sannan ya ce a buga. Bugu ɗaya ya tashi. Muryar ta fi ta da kauri, amma a daidai take tafiya, ba tari.

Ba wanda ya ce wa Lallaɓa komai, da kansa ya sa hannu a aljihu ya ciro faranti da ƙwai. Muka sunkuya mu uku kamar masu duban jariri. Ƙwan ya yi rawa, ta ɗan fi ta shekara tara da suka wuce, amma bai matsa daga tsakiya ba.

"Yana rawa, amma bai bar gida ba," in ji Baƙin Mai. "Kwana biyu kada ka wuce ashirin, ka dawo in juye mai. Bayan nan tsakaninka da tudu."

Sauran kwana uku wata ya ƙare ya ɗaure arba'in. Gari ya waye garau, ba hadari. Na riƙe masa babur ya ja igiya ta ƙarshe, ya girgiza kayan da hannu ya ji sun zauna. Na ɗauki guntun katakon nan na riƙe, ya gani ya yi murmushi bai hana ni ba. Ya haye lambatu, tayar gaba, tayar baya. Ya saki kuloci a hankali. Baburin ya ja, ba zabura ba shaƙewa, ya ja kamar sa a gaban amalanke. Wajen barandar tela na ji ya sa giya ta biyu, muryar ta yi ƙasa kaɗan, sai ta tsaya a nan ba ta ƙara faɗuwa ba. Tela ya fito da almakashi a hannu yana kallo. A hankali kayan suka yi ƙanana, suka sha kwanar ƙoli, na daina ganinsu. Na mai da katakon bakin ƙofa na zauna.

Ƙarfe takwas da 'yan mintoci ya dawo da kiretocin jiya ba komai a ciki, da burodi guda mai zafi a cikin takarda.

"Nawa suka fashe?" na tambaya.

"Biyu, kuma tsaga ce kawai."

Ƙwai biyu cikin dubu ɗaya da ɗari biyu. Ni har yau ina zargin su biyun nan idona ne ya tsallake su tun a shago.

"Me ta ce?"

"Ta duba agogo, ta ƙirga kiret, ta ce gobe ma haka. Burodin naka ne, wai a ba mai katako."

Ashe tela ya riga ya kai mata labarin ranar yayyafi.

Uwar 'Yan Biyu ta zo da rana neman aronta. Baƙin Mai ya riga ya jefa tsohon a buhun ƙarafa, sai Lallaɓa ya ɗauko mata na tseren. Masu haya sun taya shi rabin kuɗi ya ƙi, ya ce gara ya riƙa ganinsa kullum. Ta auna nauyinsa a hannu ta ce, "Ban taɓa tokare ƙofa da kiret goma sha huɗu ba."

Rufin ɗakin baya sai da ya ƙara damina guda da bokiti uku kafin a yi shi. Baburin yana ɗan shan mai fiye da da, tankin da kan kai kwana biyar yanzu huɗu da rabi ne. A miƙaƙƙen titi masu haya suna wuce shi suna yi masa oda, ba su sake maganar canza masa suna ba. Mai ƙaramar motar ya karɓe mana shaguna biyu a can ƙasan gari, wannan ma gaskiya ne, kasuwa ta gaji haka.

Yau shekara biyu ke nan. Lallaɓa yana nan a shago ɗaya da babur ɗaya, gwiwarsa ta dama ta fara damunsa in zai buga inji da sanyin safe. Farkon kowane wata yana kai babur wurin Baƙin Mai a juye mai a auna rata, da faranti a aljihu. Kullum kafin ƙarfe takwas yana kai wa Uwar Tanda kiret arba'in a sawu ɗaya.